Yadda za ka ji daɗin sautin hedifon na bulutut in kana sauraron kiɗa a gida

Makon jiya ƙanena ya dawo daga Kano da sabon hedifon na bulutut, irin babban nan mai rufe kunne gaba ɗaya, kuɗin riɗin da ya sayar ya haɗa ya saya, bayan isha'i ya same ni a zaure ransa a ɓace yana cewa Yaya an cuce ni, ji yadda kalangu ke fita kamar ana dukan kwano. Na karɓa na haɗa da wayata na kunna masa wani kiɗan gurmi da nake ajiye da shi, sai ya yi tsit yana kallona. Hedifon ɗin lafiyarsa ƙalau, abin da yake zuba masa ne ba shi da kyau.

To daga nan za ka fara, daga fayil ɗin waƙar kanta. Mu nan ƙauye yawanci wajen masu turi muke kai memori ranar kasuwa a cika mana, kuma da yawa an matse su ne don su shiga da yawa, wasu ma daga bidiyo aka ciro sautin. A sifikar waya ba za ka gane ba, amma hedifon mai kyau ba ya rufa asiri, duk abin da aka yanke sai ka ji giɓinsa. Ka danna kan waƙar ka duba girmanta. Waƙar minti 4 in MP3 ce mai 128 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowane sakan, ba ta kai 4 MB ba, in mai 320 ce tana kusan 10 MB, in kuwa FLAC ce wadda ba a zubar da komai ba takan haura 20 MB. Ka ce wa mai turin manya kake so ko da kaɗan ne za su shiga, wallahi gara waƙa 200 masu tsabta da 2000 masu hayaniya. Xender ba ya rage komai, yadda fayil yake haka yake wucewa. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga kaset kuma, wannan shuuu ɗin a jikinsu yake, ba hedifon ɗin da zai cire shi.

Sai hanyar da sautin ke bi daga waya zuwa kunne. Yawanci bulutut ba ya iya ɗaukar sautin faifan CD cif, wanda yake 1411 kbps, dole waya ta matse shi kafin ta tura, kuma hanyoyin matsewar, wato codec, sun bambanta. SBC shi ne na kowa da kowa, yana kaiwa wajen 328 kbps. AAC shi iPhone ke amfani da shi. Akwai aptX mai 352 da aptX HD mai 576, sai LDAC na kamfanin Sony da ke kaiwa 990, wanda aka sa cikin Android tun fitowar Android 8 a 2017. Sharaɗin dai sai waya da hedifon duk sun san yare ɗaya, in ɗaya bai iya ba sai su sauko kan wanda suka haɗu a kai, ba tare da sun gaya maka ba. Don ka gani da idonka, ka shiga setin, About phone, ka danna Build number sau 7, Developer options zai buɗe, ka haɗa hedifon ɗin sannan ka gangara zuwa Bluetooth audio codec. Dan Allah kar ka taɓa sauran abubuwan da ke wurin.

In ka samu LDAC kuma ka ji yana yankewa, ka kashe hotspot in ka kunna wa wani, don yawanci shi da bulutut duk a zango ɗaya na 2.4 GHz suke aiki, kuma ka ajiye wayar kusa da kai, mita 10 ɗin da ake faɗa bulutut na kaiwa a fili ne, katangar ƙasa mai kauri tana cinye shi. In ya ci gaba ka sauke shi zuwa 660. Ni dai a kunnena bambancin AAC da LDAC bai kai rabin bambancin fayil mai kyau da marar kyau ba, kar ka sayar da akuya don LDAC kawai.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne zaman sa a kunne. Soson nan na jikin hedifon sai ya manne sosai bes ke fita, in bakin hula ya shiga ƙarƙashinsa ko ƙafar tabarau ta ɗaga shi sai ka ji ganga ta zama fayau. Gwada danna shi da tafin hannu yana cikin kiɗa, in sautin ya cika to akwai inda iska ke zurarewa. Ga zufa lokacin bazara ga ƙurar hunturu, su ke sa fatar ta ɓare, ka riƙa goge shi da ƙyalle busasshe kana sa shi a jaka. Sannan ka kashe bass boost da duk wani ƙarin armashi da ke cikin manhajar kiɗan ka saurara a haka na kwana biyu tukuna, za ka fara jin 'yan amshi daban, kalangu daban, har ja da sakin tsirkiyar.

Mai kashe hayaniya, wato ANC, yana aiki sosai kan ƙara mai ɗorewa irin janareta ko injin markaɗe na maƙwabta, amma carar zakara da kukan yara suna shigowa. In dare ya yi gari ya yi shiru ni kashe shi nake, caji ya fi daɗewa, kuma a nan da sai an kai shagon mai sola wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kira ya shigo ko wata manhaja ta buɗe makirfon, sautin yakan faɗi ya koma irin na kiran waya har sai an rufe, ba lalacewa ba ce.

Ƙara kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako, ka tsaya wajen kashi 60 na bolum, in an yi sallama a ƙofa ba ka ji komai ba ko ka cire kana jin wiii to ka rage.

In za ka sayi naka a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ko wani wuri, ka tafi da waƙa uku da ka san su kamar yunwar cikinka, ka gwada da wayarka ba ta mai shago ba, kuma ka zaɓi mai ramin jona igiya na 3.5 mm. Ranar da caji ya ƙare sai ka jona igiya ka ci gaba, yawancinsu suna yi ko a kashe suke, na ƙanena ma haka muka kwana biyu muna ji da shi kafin ranar kasuwa ta zagayo.