Yadda za a kwantar da hankali a lokacin annoba

Tun daga ranar 19 ga Maris 2020 da korona ta ɓulla a Nijar, aka rufe masallatai da makarantu da iyakoki, mutanen Damagaram suka gane cewa annoba ba ta tsayawa ga wanda ta kwantar. Bayanta ga kwalara a 2021, ga sanƙarau a ƙarshen 2022. Duk wadda ta zo, za ka ji masu lafiya suna kukan ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci da saurin fushi. Ba raunin imani ba ne. Tsoro ne ke sa jiki ya saki sinadaran da ke hanzarta bugun zuciya, kuma akwai yadda ake lallashinsa.

A fara da numfashi. Ka zauna, ka ɗora hannu bisa cikinka, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga 4 har cikin ya taso, ba ƙirji ba. Ka sake ta ta baki sannu sannu kana ƙirga 6. Minti 5 ya isa. Amfanin yana wajen fitar da iskar, don tsawaita ta ne ke rage gudun zuciya. Inda ake kuskure shi ne zuƙa da ƙarfi babu ƙaƙƙautawa: sai jiri ya taso, yatsu su riƙa sanƙarewa, mutum ya ƙara firgita. Ka haɗa shi da bayan sallar asuba da ta isha'i, ba za ka manta ba.

Sai maganar shayi, wadda ƴan fada, masu zaman hira da shan shayi, ba su so a taɓa. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Sinadarin da ke wartsake mutum a ganyen shayi kuwa, bayan kusan awa 5 rabinsa na nan cikin jini. Ke nan kofin farko mai ɗaci da aka sha bayan magariba yana aiki har tsakar dare. A tsayar da mai ƙarfi daga la'asar, da dare a dafa citta da na'ana'a.

Labarai sau 2 a yini, safe da yamma, daga rediyo ko sanarwar ma'aikatar lafiya. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, kada a tura, kada a saurara a shimfiɗa.

Gaskiya, abin da ya fi hana magidanci barci shi ne cefane. Ɗan kabu-kabu da mai tebur a kasuwar Dole, sai sun fita ake ɗora tukunya. Ɓoye wa iyali halin da ake ciki yana ninka nauyin. A zauna da uwargida a auna hatsin da ya rage: tiya nawa ne, nawa ake ci a yini, zai kai yaushe. In zubin adashi zai gagara, a gaya wa uwar adashi tun da sauran kwanaki.

Yaro ba ya cewa ya damu. Sai dai ya koma fitsarin kwance, ko ya manne wa uwa. Duka na ƙara abin. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa. Tsofaffin da aka rage kai wa ziyara a kira su kullum: "Inna, ina kwana, kin ci abinci?"

Kada a nemi sauƙi wajen Tramol ko ƙwayar barci ta masu talla a tire, jiki na sabawa da su har ya kasa bari. In rashin barci ko ƙin abinci ya wuce mako 2, a je asibitin unguwa. Wanda ya fara zancen kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi babban asibitin Damagaram ranar nan. Haka mai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya: wannan ba fargaba ce kawai ba, kada a jira gari ya waye.