Yadda na gyara matsalar caji a babban mashin ɗina

Alhamdulillahi mashin ya dawo daidai. Irin manyan nan ne na doguwar tafiya, 800cc, na hannu, kullum in na dawo batir ya mutu. Sabon batir bai hana ba, bakanike ya ce sitata ce, ba ita ba ce.

Na ɗora mitar awon wuta kan batir inji na aiki, a 5000 rpm (juyin inji a minti ɗaya) volt 12.3 take nunawa alhali ya kamata ta kai 13.5 zuwa 14.5. Sai na bi rawayen wayoyi ukun da suka fito daga koyil mai samar da wuta zuwa raktifaya (na'urar da ke daidaita wutar kafin ta shiga batir), ashe soket ɗinsu ya ƙone har robar ta narke, wanda ya sayi irinsa ya fara leƙa nan. Na cire kan batir, na yanke soket, na haɗa wayoyin da dalma na naɗe kowacce daban, na sa wata raktifaya irin wadda ake kira MOSFET don ba ta zafi sosai. Yanzu 14.2 take ba ni.