Darasi na 9: Ƙarfin Jiki Daga Tsakiya Yake Farawa

A unguwanni da yawa a cikin birnin Katsina za ku ga samari suna ɗaga ƙarfe da sassafe ko bayan la'asar. Wasu siminti suka zuba a gwangwanayen fenti guda biyu, suka soka bututun ƙarfe a tsakani. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta cin kuɗi. Sai dai yawancinsu ƙirji da damtse kawai suke wa aiki, don su ne ke cika riga. Cinya da baya da ciki kuwa ko oho. Mai irin wannan jiki, ranar da ya sunkuya zai ɗauki buhun siminti mai kilo 50, kwankwasonsa ne zai fara kuka.

Tsakiyar jiki ita ce tsokar ciki, da ta gefen haƙarƙari, da ta kwankwaso, da ta ɗuwawu. Su ne ke riƙe ƙashin baya, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Idan sun yi rauni, duk nauyin da hannu ya ɗauka a kan ƙashin baya yake sauka.

Wannan aiki ba na samari kaɗai ba ne. Tsoka tana fara raguwa sannu a hankali tun mutum yana ɗan shekara talatin da wani abu, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan sittin. Shi ya sa za ka ga dattijo sai ya dafa ƙasa ko bango kafin ya tashi daga kan tabarma. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa manyan tsokokin jikinsa aƙalla kwana 2 a mako, ban da tafiya da sauri ko makamancinta ta minti 150 zuwa 300 a mako. Mata ma suna ciki. Ɗaga ɗan nauyi ba zai mayar da jikin mace irin na namiji ba.

Kayan aiki suna cikin gida. Litar ruwa ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 kuwa idan an cika ta kilo 25 ce da 'yan kai. Kada a fara da cikakkiyar jarka. A zuba lita 5, a riƙa ƙarawa a hankali.

A fara da tafiya ko tattaki a wuri ɗaya na minti biyar don jiki ya ɗumama. Sai tsugunno. Ka tsaya, ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka rungume jarka a ƙirji. Ka tura ɗuwawu baya kamar za ka zauna a kujera, diddige na manne da ƙasa, sannan ka miƙe. Wanda gwiwarsa ke damunsa ya sa kujerar ta gaske, ya zauna ya tashi, ba tare da jarka ba.

Na biyu shi ne ɗaukar kaya daga ƙasa, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci, don kullum muna yinsa ba daidai ba. Ajiye jarkar tsakanin ƙafafunka, dab da kai. Lanƙwasa gwiwa kaɗan, ka tura ƙugu baya, bayanka a miƙe kada ya yi doro. Ka ɗaure cikinka kamar ɗan damben da ke jiran naushi. Riƙe hannun jarkar da hannu biyu, ka danna ƙasa da ƙafa ka tashi. Cinya da ɗuwawu ne ke ɗagawa, hannu riƙo ne kawai nasa. Kada ka juya ƙugu kana ɗauke da nauyi. In za ka juya, juya da ƙafa. Haka za a ɗauki tukunyar tuwo daga murhu, haka bokitin wanki, haka buhun gero.

Don ƙirji da kafaɗa, ka dafa bango da tafin hannu biyu, ka kai ƙirji kusa da shi, ka ture kanka baya. Don baya, ka dafa benci da hannu ɗaya, ka jawo gora ko jarka da ɗayan zuwa haƙarƙari. Kowane ɗaya sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita.

Na tsakiyar jiki guda biyu ne. Ka kwanta rub da ciki a tabarma, ka ɗaga jiki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, tun daga ƙeya har diddige a miƙe. Ka ƙirga zuwa 15 kana numfashi. Jiki zai yi rawa, ba komai. Ɗayan kuma, ɗauki jarka a hannun dama kaɗai, ka yi taku 20 ba tare da ka karkata ba, sannan ka sauya hannu.

Kada a riƙe numfashi; a fitar da iska lokacin ɗagawa. Riƙe numfashi yana sa jini ya hau nan take. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, da mai juna biyu, da wadda aka yi wa tiyata, su fara ganin likita. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba laifi ba ne. Amma ciwo mai suka a gaɓa, ko a ƙirji, ko jiri, a tsaya nan take.

A bar aƙalla kwana ɗaya tsakani, misali Litinin da Alhamis, don lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Da bazara a yi da asuba kafin rana ta ɗaga, da azumi kuwa bayan buɗa-baki. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, ƙwai da nono duk suna gina tsoka, ba sai nama ba.

Aikin aji

Rubuta sunayen tsokokin da ke riƙe ƙashin baya.

An zuba gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda 4 a jarka. Kilo nawa ke nan?

Rubuta ranaku biyu da za ka ware, da lokacin da za ka yi. Mako mai zuwa kowa ya zo da gorarsa, za mu gwada tsugunno a tsakar aji.