Yadda Ake Kafa Ƙaramar Zumuntar Sujada a Cikin Ikilisiya

'Yan'uwa daga Agege da Idi-Araba sun sha tambayata yadda za su fara sujada irin ta gida, da Hausa, da ganga, ba tare da sun bar ikilisiyarsu ba. Ga matakan:

1. Nemi mutum 4 ko 5 masu wannan ƙishi.
2. Ku yi wata guda kuna addu'a tare.
3. Ku je wurin Fasto da dattawa ku bayyana niyyarku.

Hattara! A nan aka fi tuntuɓe. Taron da aka fara a ɓoye, tsaga ikilisiya yake yi. Idan Baba Fasto ya ce ku dakata, ku dakata.

4. Ku roƙi ɗaki a harabar coci.
5. Ku zaɓi lokacin da ba zai ci karo da sujadar Lahadi ba. Ni na fi son yammacin Asabar, domin cunkoson motocin Legas a ranakun aiki yana hana mutane zuwa.
6. Ku zauna a da'ira, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa.
7. Ku karanta Zabura ɗaya, a yi shiru, sannan a tada waƙa.
8. Kada ku buɗe asusun kanku. Baiko ya tafi wurin ma'ajin ikilisiya.
9. Bayan wata 3, ku koma wurin dattawa da rahoto.