Ka haura arba'in? Ga yadda za ka fara miƙa wa na baya abin da ke hannunka

Akwai wata tambaya da ke taso wa mutum da zarar ya haura arba'in, wasu sai sun doshi hamsin. Aiki yana tafiya, gida ya ginu ko ana kan gini, yara sun fara tasawa, amma in ya kwanta da daddare sai ya ji zuciyarsa tana ce masa to duk wannan fafutukar wa za ta amfana in ka kau? Ba ciwo ba ne wannan. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan'adam da aka haifa a Jamus a 1902 daga baya ya koma Amurka, a 1950 ya kasa rayuwar mutum mataki takwas, na bakwai shi ne wannan, wanda ake sawa tsakanin shekara 40 zuwa 65. Ya ce a nan ko dai hankalin mutum ya koma kan raya na baya, ko kuma ya tsaya cak ya koma hidimar kansa kawai. Mu ma ai mun san aya ta 15 a Suratul Ahƙaf, wadda ta ambaci shekara arba'in ƙarara, kuma addu'ar da ke cikinta ta haɗa godiya kan ni'imar da aka yi wa iyaye da roƙon Allah Ya shirya zuriya.

Fara da lissafin abin da kake da shi, kuma ba kuɗi nake nufi ba. Wani masani John Kotre a 1984 ya ce hanya huɗu ake bi: haihuwa, raino da tarbiyya, koyar da sana'a, sai miƙa al'ada da tarihi. Ke 'yar'uwa da Allah bai ba haihuwa ba, ƙofa uku a buɗe suke gare ki, kada gorin dangin miji ya sa ki ɗauka ba ki da na baya. Shi kansa Erikson ya faɗa cewa haihuwa kaɗai ba ta wadatar, akwai mai 'ya'ya goma da bai taɓa zama ya koya wa ko ɗaya komai ba.

Daga nan sai ka ware mutum ɗaya wanda ka san sunansa. Ba "matasa" ba, ba "yaran unguwa" ba, mutum ɗaya tak, ɗanka ne ko ɗan riƙo ko yaron shago ko sabon malamin da aka turo makarantarku. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa, ka duba shagon tela, yaro zai shekara da shekaru yana guga da sa maɓalli da aiken sayo zare, amma maigida ba zai taɓa miƙa masa almakashi ba, wai kar ya ɓata yadin mutane, a ƙasan zuciya kuma tsoro ne kar yaro ya iya ya kwashe kwastomomi. To ka sayi atamfa mai araha da kuɗinka, ka shimfiɗa a tebur, ka ba shi alli da tef ya auna, ya yanka kana zaune kana kallo, in hannun riga ya karkace kada ka fizge almakashin, ka ce ya ɗaga ya duba da kansa ya gaya maka inda ya kauce. Asarar yadi biyu ko uku ka ɗauke ta a matsayin kuɗin makaranta. Ranar da za ka Kantin Kwari saro kaya ka tafi da shi ya ji yadda ake ciniki, in kun dawo ka buɗe masa lissafi, nawa yadi, nawa zare, nawa man janareta, nawa ya rage riba, domin yaron da ya iya ɗinki bai iya lissafi ba wallahi har ya tsufa wani zai yi wa aiki. Kuma tun farko ku yanke lokacin yaye, ya san shekara kaza zai yi a sallame shi, in da hali da keken ɗinki ko da na hannu ne. Makanike da ma'aikacin ofis da mai sayar da abinci duk haka ne, kowa ya san menene almakashinsa.

Sannan ka rage nasiha. Na san wannan zai yi wa wasu ɗaci amma gaskiya yaranmu sun ƙoshi da "a zamaninmu". Abin da suke saurara shi ne labari na ainihi, yadda jarinka ya taɓa karyewa da abin da ka yi washegari. Wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Dan McAdams, wanda shi da abokin aikinsa suka fitar da ma'aunin ɗabi'ar raya na baya a 1992, ya lura cewa mutanen da suka fi damuwa da na baya sukan ba da labarin rayuwarsu ta yadda wahala ta rikiɗe ta zama alheri. Kai ma haka za ka ba da naka, kada ka ɓoye faɗuwar. In kuma Baba ko Inna na raye, wannan damar ba ta jira, ka ɗauki yaronka ku je gaisuwa, ka kunna rikodin a waya, ka bar shi ya yi tambaya da bakinsa, daga ina kakanni suka taso, wa ya haƙa rijiyar gidan, me aka ci shekarar fari.

In ka samu wanda ya kama hannu, ka sa shi ya koya wa wani. Abin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi kenan da tsarin 'Yan Taru, ta koyar da jajoji, wato mata malamai masu jagoranci, ta naɗa musu malfa, su kuma suka bazu ƙauyuka suna karantar da mata. Ta rasu a 1864 amma karatun bai tsaya da rasuwarta ba saboda tun tana raye ta sake shi a hannun wasu.

Akwai kuma abin da za ka bar wa waɗanda ba za ku taɓa haɗuwa ba. Hadisin nan da ke cikin Sahihu Muslim ya lissafa uku, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a, kuma ba sai mai kuɗi ba. Manoman jihar Maraɗi a Nijar tun shekarun 1980 suka fara sassabin zamani, wato in an zo sharar gona ba a sare tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su su girma a sassabe sauran, da abin ya bazu aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawon da ka bari bana jikanka ne zai ci moriyarsa. A gida kuma ka tattara takardun fili da na gida wuri guda, ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, ka sa shaidu. Zumunci nawa ne ya watse a kotu saboda uba ya tafi da komai a ka?

Amma a kula da abu biyu. Kada taimako ya koma mulki, in ɗanka ya ce shi ba kasuwa zai yi ba kwamfuta yake so, ka ba shi gaskiya da riƙon amanar da ka koya a kasuwa ya tafi da su inda ya nufa. Kuma kada ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinka, kuɗin makarantar wannan, auren waccan, asibitin tsoho, har ka manta da jikinka, a wannan shekarun ne hawan jini da ciwon suga ke shigowa ba sallama, ka riƙa zuwa awo. In kuma abin da kake ji ya wuce tunani ya zama ƙunci, ba barci, ba cin abinci, komai ya fita ranka har sama da mako biyu, to wannan ba maganar mataki na bakwai ba ce, ka je ka ga likita.