Yadda ake shirin digiri na biyu a kiɗan coci

Digiri na biyu a kiɗan coci yakan ɗauki shekara biyu, kuma aikin da yake shirya mutum dominsa a fili yake: ya horar da ƙungiyar mawaƙa, ya raka jama'a da ogan ko piyano, ya zaɓi waƙoƙin da suka dace da karatun Littafi Mai Tsarki na kowace Lahadi. Shi ya sa kafin ka cika takardar neman shiga sai ka amsa tambaya biyu. Wane fanni ne ƙarfinka, ogan ko jagorancin mawaƙa ko rera waƙa? Kuma a wace ɗarika za ka yi hidima?

Tambaya ta biyu ita ce ke nuna maka makaranta. A Roma akwai Cibiyar Kiɗan Ibada ta Paparoma, wadda Paparoma Pius na 10 ya kafa a 1910. Can sun fi ba da ƙarfi ga waƙoƙin Giregori, wato tsofaffin waƙoƙin ibada na Latin da ake rerawa da murya ɗaya, kuma da Italiyanci ake koyarwa. A Jamus an raba karatun gida biyu, na Katolika da na Furotesta, digiri na farko ya yi daidai da matakin da suke kira B, na biyu kuma matakin A, wanda ke kai mutum ga manyan majami'u. Makarantar Katolika ta Regensburg tun 1874 take wannan aiki. A Amurka, Cibiyar Kiɗan Ibada ta Jami'ar Yale, wadda ta fara a 1973, tana haɗa ɗaliban kiɗa da na ilimin tauhidi wuri ɗaya. Makarantun Amurka da yawa suna rufe karɓar takardu a farkon Disamba, don haka ka duba ranar tun da wuri, ka kuma yi jarabawar harshen Turanci, IELTS ko TOEFL, ko ta Jamusanci idan Jamus ka nufa.

Gwajin shiga shi ne inda ake tankaɗe da rairaya, kuma ka ba shirinsa shekara guda cur. Mai ogan galibi ana neman ya kawo kiɗa uku daga zamani daban-daban: ɗaya na Bach, mawallafin kiɗa Bajamushe, ɗaya na ƙarni na 19, ɗaya na baya-bayan nan. Mai jagorancin mawaƙa yakan aika bidiyo na minti goma zuwa sha biyar. Ka ajiye kyamara a bayan mawaƙa tana kallon fuskarka da hannayenka, domin idan bayanka kawai ake gani, ba abin da malamai za su auna. Ka sa wani ɓangare na atisaye a ciki, inda ake jin ka tsayar da su, ka faɗi kuskuren a taƙaice, suka maimaita, gyaran ya fito.

Amma abin da ya fi kayar da masu nema shi ne ƙananan gwaje-gwajen da ba a iya haddacewa. Za a miƙa maka takardar kiɗan da ba ka taɓa gani ba, a ce ka kaɗa nan take. Za a ba ka waƙar jama'a a ce ka ɗaga ta ko ka sauke ta da mataki ɗaya. Za a ba ka muryoyi huɗu, sofrano, alto, teno da bas, kowace a layinta, ka haɗa su a piyano lokaci ɗaya. A nan muryar teno ce ke rikita mutane, saboda ana rubuta ta a sama alhali sautinta yana mataki takwas a ƙasan inda aka rubuta ta. Wanda ya tashi da sol-fa, wato do-re-mi, yana da kunne mai kyau, wannan riba ce babba, sai dai dole ya koyi rubutun kiɗa na kan layi biyar har idonsa ya saba. Maganin ba shi da wuya, naci yake so: kullum minti ashirin, ka buɗe littafin waƙoƙi inda ba ka sani ba, ka kaɗa a hankali ba tare da tsayawa gyara ba. Tsayawar nan ita ce cutar, domin jama'a ba sa jiran mai kiɗa. Bayan wata biyu ka fara sauya wa kowace waƙa mataki.

Mai ogan ya ƙara da aikin ƙafa. Maɓallan ƙasa talatin ne ko talatin da biyu, ana taka su da diddige da kan yatsu, kuma da takalmi mai siririn tafi da ɗan dunduniya. Idan hannun hagu yana bin abin da ƙafa ke kaɗawa, alama ce cewa da piyano ka saba, sai ka riƙa atisayen hannun hagu da ƙafa su kaɗai. Ka koyi barin numfashi tsakanin baiti da baiti, kusan bugu ɗaya ko biyu, in ba haka ba jama'a za su shiga a makare.

Da ka samu shiga, wasu makarantu sukan yi jarabawar tantance sani a tarihin kiɗa da ƙa'idojinsa a makon farko. Wanda ya faɗi sai ya ɗauki darussan cike gibi, waɗanda sau da yawa ba a lissafa su cikin digirin. Sauran darussan sun haɗa da tsarin sujada, tarihin waƙoƙin ikkilisiya, yadda ake rera Zabura, horar da murya, da furucin Latin da Jamusanci. Mai karatu a ɓangaren Katolika ya karanta dokar Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, kan sujada, ta 1963, da umarnin kiɗan ibada na 1967, don a kansu ake kafa hujja. A Jamus kuwa ƙirƙirar kiɗa nan take a kan ogan darasi ne mai zaman kansa.

Ƙarshen karatun yakan zama kiɗa a gaban jama'a na kusan awa ɗaya, tare da rubutaccen bincike ko jarabawar baka. Ka zaɓi batun bincike tun zangon farko, ka taƙaita shi ga littafin waƙoƙi ɗaya ko mawallafi ɗaya. Kuma ka riƙe aikin Lahadi a wata majami'a duk tsawon karatun, inda mawaƙa masu sa kai ne, wasu ba su karanta rubutun kiɗa, atisaye kuma sau ɗaya ne a mako.