Idan WireGuard ya ƙi tashi a kan saba

Jama'a, in WireGuard, manhajar VPN, ya ƙi tashi a kan saba (server), kafin ku goge komai ku sake girkawa, ku fara buga journalctl -u wg-quick@wg0 ku karanta layukan ƙarshe. Yawanci a nan matsalar take bayyana.

In kun ga "resolvconf: command not found", layin DNS da ke cikin fayil ɗin saiti na wg0.conf ne ya jawo, domin wg-quick, mai tayar da WireGuard, yana neman resolvconf don saita DNS bai same shi ba. Ku girka openresolv, mai samar da resolvconf, ko ku cire layin.

In kuwa "Operation not supported" ya fito, kernel ɗin, wato zuciyar Linux, shi ne ba shi da WireGuard. Daga Linux 5.6 aka saka shi a ciki, don haka ku duba da uname -r. A sabar haya mai OpenVZ, inda masu haya ke amfani da kernel ɗaya, ba ku da iko da kernel, sai dai wireguard-go, mai aiki a wajen kernel, shi ma sai mai sabar ya buɗe muku /dev/net/tun.

Don Allah a kula da layin AllowedIPs = 0.0.0.0/0 a wg0.conf, mai tura komai ta VPN. Da zarar WireGuard ya tashi, amsar SSH, wato hanyar da kuke shiga sabar daga nesa, za ta bi ta VPN, allon ya daskare, ƙofa ta rufe kuna waje. Ku fara da zangon adireshin VPN ɗinku, misali 10.0.0.0/24, ko adireshin da kuke buƙata kawai.